Kunne Ɗaya a Ɗakin Alhaji Gambo

Ku da kuke zaune a bakin kasuwar Tibiri da waya a hannu, kuna kallon wani ɗan ƙasar waje yana kwance rediyo cikin minti uku, kuna cewa kun iya gyara, da ku nake. Sunana Ali, amma tun kafin a haifi yawancinku ake ce mini Ali Mai Rediyo. Na gyara rediyon kaset, na gyara amfili mai ƙara ƙarfin murya, na naɗa wayar lasifika da hannuna, na ɗaura ƙahon lasifika a kan masallatai daga nan har Sae Sabuwa. Yau in kun biyo ta rumfata za ku tarar da ni ina jiran mai kawo tocila. Zan gaya muku yadda aka yi, ba don ku tausaya mini ba, ba na so. Don dai ku san abin da ke cikin maɓallin nan da kuke latsawa kuna cewa sarawun ne, murya na zagaya ɗaki, alhali ko ɗayanku bai san abin da maɓallin yake yi ba.

Aikin farko da maigidana Malam Nomau ya yarda na taɓa, lasifikar wani mahauci ce, tana zuzu kamar an rufe ƙuda a gwangwani. Kafin nan na yi shekara biyu a wurinsa ba abin da nake yi sai hura garwashi, domin a lokacin ba kuran, wato wutar lantarki, a unguwarmu, ƙarfen liƙi a wuta ake gasa shi. Kayan aikinsa duka za su shiga aljihun riga: ƙarfen nan, dalma, reza, gam, da batir guda. Ya miƙo mini lasifikar ya ce in kafa kunne a jikinta, in riƙa danna takardar da yatsa a hankali.

"Mi kaj ji?"

"Ban ji komi ba, Maigida."

"To koma. Lasifika ta hwaɗi abin da ka damunta. Kai ad da laihi."

Na koma sau huɗu. A na biyar na ji wani ɗan ƙarƙar can ciki, ƙanƙane ƙwarai. Ƙwayar yashi ce guda ta shiga tsakanin naɗin waya da maganaɗisu. Malam Nomau bai yaba mini ba, shi ba ya yabo. Ya dai ce in cire ta ba tare da na yaga takardar ba, ya tashi ya tafi alwala. Haka ya koya mini, haka kuma na yi aiki duk rayuwata: hannun dama yana riƙe da ƙarfe, kunnen hagu yana manne da lasifika.

Ku kuwa kayan aikinku waya ce da bindigar gam. In abu ya lalace sai ku cire allon cikinsa gaba ɗaya ku sa wani, in ya tashi ku ce kun gyara, in bai tashi ba ku ce jabu ne. Wannan ba gyara ba ne, sauyi ne, mai sayar da tumatir ma zai iya.

Wani mai gidan kallo a Cadakori ne ya fara sa ni aikin sauti mai zagaya mutum, na gaskiya ba na ƙarya ba. Lasifika biyar ya sayo, da babba guda ta ƙasa mai sa ƙirji rawa. Biyu a gaba, ɗaya a tsakiya don maganar 'yan wasa, biyu a baya. Kwana uku ina jan waya ta jikin azara, ina rufe ta da tiyo saboda ɓera. Ranar da muka kunna, da aka yi harbi a fim ɗin, mutanen benci na baya suka watse waje. Wannan ba abin mamaki ba ne. Ƙarar ta fito daga baya ne domin akwai lasifika a baya, ni na ɗaura ta.

Daga baya sai aka fara shigo da wani dogon akwati siriri da ake ajiyewa ƙarƙashin tele, wato talabijin. Ni taɓarya nake ce masa, don da ita yake kama. Duk lasifikunsa a gaba suke, ba ko ɗaya a bayanka, amma in ka latsa maɓallin sai a ce za ka ji abu yana tahowa ta ƙeyarka. Abokan sana'ata tsofaffi suka ce ƙarya ce. Ni ban ce ba, sai da na buɗe guda biyu na zauna da su.

Ga abin da ke ciki, ku buɗe kunne. Allah ya yi wa mutum kunne biyu, ya sa kai a tsakaninsu. In jaki ya yi kuka a hagunka, kukan yana riga isa kunnen hagu. Yana isa na dama a makare da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma a raunane, domin kanka ya tare shi. Da wannan ɗan bambancin kake sanin inda jakin yake ko da idonka a rufe. Masu ƙera taɓarya shi suka gano. Sai su jinkirta sautin gefe ɗaya, su dusashe shi kaɗan, su harba wani sashe ta gefe ya bugi bango ya dawo maka. Kunnuwanka biyu su kai wa kanka labarin ƙarya, kai kuma ka waiga. Yaudara ce, amma ta masu ilimi, kuma ba ta ci sai da abu uku: bango fili wanda ba a rufe da komai ba, mutum ya zauna daidai tsakiya yana fuskantarta, sannan ya zama yana da kunne biyu masu ji.

Na ukun nan shi ne ba ni da shi, kuma a lokacin ba wanda ya sani a kasuwa.

Shekarar da aka rufe iyaka ita ce mummunar shekarata. Kayan gyara daga Katsina muke samu, sai suka yanke. Kuran ya zama sai an ga dama, wa zai kawo amfili gyara ba wutar kunna shi? Na rufe rumfa na hau moto, babur ɗina ke nan, ina bin kasuwanni, duk abin da aka miƙo in karɓa. A kasuwar Cadakori wani mai maganin gargajiya ya tsayar da ni, ƙahon da yake tallar maganinsa da shi ya shaƙe. Na kwance wayar batir, na ce masa kada ya taɓa komai. Na cusa kunnen hagu cikin bakin ƙahon ina ƙwanƙwasa bayansa, ina neman inda ya saki. Shi kuwa ya ga kasuwa na ci ba a jin muryarsa, ya ga waya a ƙasa, ya ɗauka ya mayar da ita, kaset ɗin tallarsa ya ɓarke. Abu na ƙarshe da kunnen nan ya ji a duniya shi ne tallar maganin basir.

Na yi sati uku kaina na kuka kamar gyare. Da kukan ya lafa, sai shiru ya maye gurbinsa. Na je Maradi a ɓoye, likita ya leƙa ya ce ba abin da za a yi. Na dawo ban gaya wa kowa ba sai uwargidana. Mai gyaran sauti da aka san kunnensa ya mutu, tasa ta ƙare, ko da ya fi kowa sani. Don haka na juya bencin rumfata yadda duk mai zuwa zai zauna a damana. Na koma aiki da yatsa da ido, in ɗora yatsu a takardar lasifika in ji yadda take rawa, in zuba ƙwayoyin gero a kanta in ga yadda suke tsalle. Ko lasifika ɗaya ba a dawo mini da ita ba a ce ban gyara ba. Abin da kawai aka riƙa faɗa shi ne Ali Mai Rediyo ya yi girman kai, ana gaishe shi a hanya ba ya amsawa. Na bar su a haka, gara a ce mini mai girman kai.

Aikin da ya tona ni na Alhaji Gambo ne, mai sayen wake a Gidan Sori. Bayan an buɗe hanya ya je Katsina, ya shiga wani shago, mai shagon ya zaunar da shi a kujera gaban wata taɓarya, ya kunna masa. Alhaji ya ji jirgi ya taso ta bayansa ya bi ta saman kansa. Nan take ya saya. Ya kawo gida, ya sa aka haɗa masa da fanon hasken rana da batir, ya tara abokansa, ya latsa maɓalli. Jirgi ya ƙi tashi. Ya kira Sabi'u, kun san shi, ɗaya daga cikinku ne, mai shago mai gilashi a bakin tasha. Sabi'u ya je sau uku, ya buɗe akwatin, ya rufe, ya leƙa wayarsa, ya yanke hukunci cewa jabu aka sayar wa Alhaji. Abokan Alhaji suka samu abin yi, kullum sai sun tambaye shi ko jirgi ya sauka lafiya. Da abin ya ishe shi ya aiko mini da moto.

Na isa bayan azahar. Na tarar da Alhaji da abokansa biyar, ga Sabi'u shi ma ya zo ya ga yadda tsoho zai ji kunya. Ina shiga ɗakin na ga ciwon tun ban taɓa akwatin ba. Bangon hagu da na dama duk an rufe su da manyan dardumai da Alhaji ya zo da su daga Makka. Taga da labule mai kauri. Matasai jere a jikin bango, baƙi sun jingina. Kujerar Alhaji kuwa tana can kusurwa, inda yake ganin mai shigowa ta ƙofa.

To a ƙasar nan wa ke zama a tsakiyar ɗaki? Tsakiyar ɗaki ta akushi ce da butar shayi. Mutum yana zama ne bayansa a jikin bango, maigida kuma a kusurwarsa. Wanda ya ƙera taɓarya yana tsammanin kowa irin mutanen garinsu ne, mutum ɗaya a kujera ɗaya ya kafa wa tele ido. Sabi'u ya zo ɗakin nan sau uku, da kunnuwansa biyu lafiyayyu, bai taɓa ɗaga kai ya dubi bango ba, domin ba a nuna masa bango a waya ba.

Na fara buɗe akwatin don in ga ɓarnar da aka yi. Na ciro batir ƙarami na taɓa wayoyin lasifikar dama, takardar ta turo waje. Na taɓa na hagu, ta shige ciki. Sabi'u ne da ya mayar da wayoyin ya juya su, ɗaya na turawa ɗaya na ja, suna cinye muryar juna. Na nuna masa a gaban kowa.

"Baba Ali, ai waya duk waya ce," in ji shi.

"Haka na. Takalmi ma duk takalmi na. Sa na hagu ga dama ka tahi kasuwa."

Aka yi dariya. Na ji daɗin dariyar nan, ba zan ɓoye ba, na ma ƙara masa wasu maganganun da ba sai na maimaita su ba. Na liƙe wayoyin daidai, na rufe. Sannan na ce a sauke dardumai.

"Malam Ali, dardumal Makka hwa?" in ji Alhaji.

"Alhaji, su ka shanye muryar. Ko su, ko jirgi."

Ya ce a sauke. Aka naɗe su aka jingine, aka yaye labule. Na ciro zare, na ɗaura a ƙarshen taɓaryar na dama, na yanki wani daidai tsawonsa na ɗaura a na hagu, na ja su har suka haɗu. Inda suka haɗu shi ne tsakiyar ɗaki cif, wurin da tabon akushi yake a jikin leda. Na ce a kawo kujera gajera, don kunnen mai zama ya yi daidai da akwatin. Aka duba gidan duka ba a samu ba sai 'yar kujerar mata ta tsakar gida.

"Nan za ni zama? Bisa wagga?"

"Nan, Alhaji. Can Katsina ina anka zamnad da kai?"

Ya tuna. Ya tattara babbar rigarsa ya zauna a kujerar mata a tsakiyar ɗakinsa, abokansa na toshe baki. Sabi'u ya sa wani fim na yaƙi, na latsa maɓallin. Da jirgi mai saukar ungulu ya taso, Alhaji ya sunkuya har hularsa ta faɗi, ya waiga bayansa yana neman abin a jikin bango.

"Allahu akbar! Shi na! Wallahi shi na! Ku zo ku ji, ku da kunka ce an cuce ni!"

Ɗaya bayan ɗaya dattawan nan suka zauna a kujerar, kowa ya sunkuya, kowa ya waiga. Ni ina gefe ina naɗe zarena. Na gama aikina, da na sani da a lokacin na yi sallama na hau moto. Amma na tsaya shan yabo.

Alhaji ya ce, "Malam Ali, saura kai. Zamna ka ruhe ido, ka nuna ma yaron ga ta inda jirgin ka tasowa. Shi san kunne ba a saye nai kasuwa."

Na ce ai na ji tun daga inda nake. Ya ce a'a, sai na zauna. Maigida ya yi magana a gaban baƙinsa, kuma don ya girmama ni ya yi ta. Na zauna, na rufe ido.

Mai kunne ɗaya duk duniya ta gefe guda take zuwar masa. Na ji ƙarar jirgin sarai, amma a dunƙule, ba gaba ba baya. Na nuna dama. Alhaji ya ce a mayar, wataƙila ban shirya ba. Sabi'u ya sa wani wurin dabam, na sake nuna dama. Sai aka kashe fim ɗin. Na zauna ido rufe ina jiran a sake kunnawa, na ji shirun ya yi yawa, na buɗe ido. Sabi'u na durƙushe a haguna, bakinsa kusa da kunnena, kowa na kallona. Daga baya aka gaya mini sau uku ya kira sunana.

Na ce, "Alhaji, kunnen ga ya mutu. Ya daɗe."

Alhaji ya yi salati, ya ce Allah shi kyauta, ya ce ai duk da haka ni na gyara. Abokansa suka ce ƙwarai kuwa. Sabi'u bai yi dariya ba, wannan zan faɗa masa. Bai dai riƙe bakinsa ba, kuma ban ga laifinsa sosai ba, ni na fara tsiraita shi a gaban mutane. Kafin kasuwar Tibiri ta sake ci, har masu sayar da goro sun san Ali Mai Rediyo kurma ne. Ba wanda ya ba da labarin cewa kurman ne ya gyara abin da mai kunne biyu ya je sau uku ya kasa. Wannan sashen bai yi musu daɗin faɗa ba.

Aiki ya janye a hankali. Masu masallatai suka fara, suka ce ba za a ba wanda ba ya ji amanar kiran salla ba. Masu gidan kallo suka bi. Mutumin da na gyara wa rediyo tun yana saurayi ya wuce rumfata da amfili a kafaɗa, ya gaishe ni da ƙarfi kamar mai kiran wanda ke cikin rijiya, ya shige shagon gilashi. Kuka samu kasuwa, ku da bindigar gam ɗinku. In lasifika ta yi zuzu sai ku ce wa mai ita ya sayi sabuwa, shi kuma ya saya, ƙwayar yashin tana nan a cikin tsohuwar ba wanda ya neme ta.

Bayan girbi Alhaji Gambo ya yi sunan jikansa, ya aiko mini da goro, na je. Da aka gama addu'a da hantsi ya ja mu ɗakinsa, mu shida, mu sha fura. Dardumai sun koma bango, domin ba a zuwa Makka a dawo a naɗe shaidar a jingine. Labule ya koma taga. Kujerar mata ta koma wurin masu ita, ai ba zai yiwu baƙo ya shigo ya tarar da maigida tsugune a tsakiyar ɗaki ba. Alhaji na kusurwarsa, mu muna jere a jikin bango, ƙwaryar fura na zaune daidai inda zarena ya haɗu. Ya kunna taɓarya, ya latsa maɓallin, 'yar fitilarsa ta kama. Ya sa fim ɗin nan na yaƙi.

"Kun ji shi? Kun ji yadda shika zagayowa ta baya?"

"Ƙwarai, Alhaji."

"Ikon Allah! Kamar cikin ɗakin shike."

Har wani ya ɗan sunkuyar da kai, alhali ƙeyarsa na manne da darduma. Alhaji ya bi su ɗaya ɗaya yana tambaya, kowa na gyaɗa kai. Da ya iso kaina sai ya buɗe baki, ya tuna, ya tsallake ni zuwa na gaba.

Mu bakwai ne a ɗakin nan, kuma na rantse da sana'ata ba wanda ya ji wani abu ya zagaya. Ni kaɗai ne aka sani.